Yatsu Uku a Ƙofar Sito

Ranar Lahadi da safe aka wayi gari akwatin murjanin gidan Abendana ya yi ƙafa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba, ko zare ba a zara daga sauran kayan siton ba. Akwatin nan kaɗai, wanda bai fi jaririn wata uku girma ba, wanda aka naɗe da buhu mai kauri aka shafe da kwalta don kada ruwan gishiri ya shige shi kafin ya isa Indiya.

Kafin a idar da addu'ar safe duk Livorno ta san ɓarawon. Mu Yahudawan garin haka muke. Allura za ta ɓace mana kwana bakwai a ɗakinmu, amma ɓarawo kafin gahawa ta huce mun gano shi. Aka ce ai Asabar ce ta ratsa, Bayahude kuwa ko makulli ba ya ɗauka ranar Asabar balle akwati. To wa ke da makulli na biyu? Bastiyano ɗan dako, Kirista, wanda ke zuwa kowace Asabar ya zuba wa kyanwoyin sito kan kifi. Ga kwalta a hannunsa har gwiwa. Cewa shi ya shafa kwaltar da kansa, babu wanda ya ga dalilin tsayawa a kan wannan.

Senyor Rafael Abendana ya aika wa 'yan gadin gwamna, suka ja Bastiyano a gaban matarsa da 'ya'yansa biyar. Aka sa Talata da tsakar rana alƙali zai zauna. Shekarar kuwa jiragen yaƙin Sarkin Tuskana suna ƙarancin masu tuƙi, kuma duk shekarar da aka yi wannan ƙarancin, idon alƙali kan buɗe ya ga laifi da wuri. Wanda aka ɗaura wa sarƙa a kan bencin tuƙi, sai dai a kwance ta daga ƙafar gawarsa.

Sai dai an birkice ɗakin Bastiyano har ƙarƙashin tukunya, babu akwati. Jirgin Ingilishin da zai ɗauke shi kuma Talatar nan da hantsi zai tashi, tare da Menashe, autan gidan, wanda zai raka murjanin har Madras ya zauna can ya riƙe wa gidan ciniki. Nan ne aka tuna da Mas'ud Halfon.

Mas'ud Bayahude ne ɗan Tarabulus. Da ƙuruciya sawun raƙuma yake bi wa ayari a cikin rairayi. Da tsufa ya zo sai ga shi a bakin teku yana nemo wa attajirai buhun da ya ɓace tsakanin jirgi da sito. Gwiwarsa ta hagu ta riga shi tsufa da shekara goma. Manyan gidajen da suka fito daga Fotugal ba sa zama benci ɗaya da shi a majami'armu, amma ranar da abu ya ɓace sun san ƙofarsa.

"Ɓarawo muna da shi," in ji Senyor Rafael. "Akwati nake nema."

"To, Senyor," in ji Mas'ud. "Ni kuma da ma barci nake nema. Mu je."

*

Ya tsaya a bakin siton ya dubi daɓe, ya yi tsaki.

"Biki kuka yi a nan?"

"Mutane sun zo jaje."

"Sun yi jaje har a kan sawun ɓarawo. Allah ya saka musu."

Menashe ya yi dariya. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, takalmansa na tafiya sababbi, in ya taka sai sun yi ƙara. Tun Juma'a yake sanye da su wai don su saba da ƙafa.

Teburin da aka ɗora akwatin yana can ƙurya bayan buhunan auduga. Mas'ud ya durƙusa da ƙyar. Gurbin akwatin ya fito baƙi a kan katako, daga gefensa kuma kwalta ta yi zare-zare, siriri kamar na kuɓewa, ta kwanta ta bushe a haka. Ya daɗe yana kallo. Tashi ne ya fi damunsa.

A hanyar fita ne ya tsaya. Senyor Rafael ya riga shi, ya ɗaga hannu ya taɓa mezuza, 'yar layar ayoyin Attaura da ke jikin kowace ƙofa tamu, ya kai yatsun baki, yana tafe yana magana, bai ma san ya yi ba. Mas'ud ya bi hannun da ido, sai idon ya sauko. Ƙasa da mezuzar, kamar taƙi biyu, a kan farar ƙasar da aka shafe ginshiƙin da ita, ga tabon yatsu uku baƙi.

"Wannan fa?"

Senyor Rafael ya waiwaya. "Bastiyano ne ya dafa. Ƙazami. A goge."

"Kada a goge."

"Baba Mas'ud, bango na kira ka ka duba?"

"Ka kira ni ne don ka gaji da dubawa da kanka, Senyor. Bar mini bangon."

*

A kurkukun ganuwa ya tarar da Bastiyano zaune a kan ciyawa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ƙato ne, irin wanda in ya ɗauki buhu biyu sai ya tambaya ina na ukun.

"Sun turo ka ka tambaye ni inda na ɓoye?"

"Haka suka ce."

"A cikin cikina yake. Faɗa musu su jira safiya."

Mas'ud ya miƙa masa burodi da albasa, ya zauna a kan guga, ya miƙe gwiwa. "Yaushe ka shafa kwaltar?"

"Juma'a, da aka kaɗa ƙararrawar tsakar rana. Senyor ya kulle da hannunsa, muka watse."

"Yaushe take kamawa?"

"A sanyin nan? Kafin rana ta faɗi ta kama. Asabar da safe sai ka zauna a kai da farin wando."

"Asabar da ka shiga, akwatin yana nan?"

"Ban leƙa ƙurya ba. Kyanwoyi na je ciyarwa, ba murjani ba. Murjani ba ya kuka."

"Ka dafa ginshiƙin ƙofa? Wanda layarmu ke jiki?"

Bastiyano ya buɗe idon da ya rage masa sosai. "Shekara goma sha huɗu ina shige da fice a ƙofar nan, ban taɓa taɓa wannan gefen ba. Na ga kuna sumbatar abin. Na ce kada in sa hannun dako a kayan Allahn mutane." Ya gatsa albasa. "Shekara goma sha huɗu, Baba. Ni na goya Menashe a wuya ya ga jirgi. Ko tambayata ba su yi ba."

Mas'ud ya dubi yatsun mutumin. Kowane ɗaya ya yi kaurin tabo biyu na jikin bangon.

A bakin ganuwa matar Bastiyano, Assunta, ta tare shi da goyo. Ba ta yi kuka ba, kukan ya ƙare tun safe. Ta ce, "Kai ma nasu ne. Me zai sa ka fitar da mijina?"

"Gwiwata," in ji Mas'ud. "In aka kai shi jirgi, wa zai riƙa ɗaga mini buhu in duba ƙarƙashi?"

Ya taho yana ɗingishi yana tunani. Busasshiyar kwalta ba ta zare. An ɗauki akwatin tana ɗanya, wato Juma'a da rana, kafin Asabar ta shiga. Duk hujjar da aka ɗaure Bastiyano da ita ta zube kenan. Juma'a da rana kowane Bayahude a garin nan yana da hannu biyu.

*

Da ya faɗa wa dattawa haka, ba su ji daɗi ba. Amma ba a daɗe ba suka sami sauƙi, don an tuna da Duwarte.

Duwarte magatakardan siton ne. Shekara biyu da suka wuce ya gudo daga Lisbon, inda kakanninsa suka yi shekara ɗari biyu suna zuwa coci da rana suna kunna kyandir ɗin Asabar irin namu a ɓoye. A nan aka yi masa kaciya yana ɗan shekara talatin, aka sa masa Abraham, sunan da in an kira shi da shi sai ya waiwaya ya ga wa ake kira. Har yau in aka yi tsawa hannunsa kan tafi goshi zai yi alamar gicciye. Mata uku suka rantse sun gan shi yana raɓe-raɓe a bakin tasha ranar Asabar. In ba a samu Kirista cikakke ba, ai rabi ma ya yi.

Litinin da safe Mas'ud ya same shi a bayan sito, fuskarsa kamar an wanke da toka.

"Me ya kai ka tasha ran Asabar?"

Duwarte ya waiga ko akwai mai jin su.

"Ɗana, ni ba rabbi mai yanke hukuncin addini ba ne. Ƙafata ke ciwo, yi sauri."

"Wasiƙa na kai wa wani matuƙi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Matata tana Lisbon. Ba ta yarda ta biyo ni ba. Jirgin a ranar zai tashi. Na san haramun ne ɗaukar takarda ran Asabar. In dattawa suka ji, za su tsayar da ni a gaban jama'a."

"Dattawa suna da aikin da ya fi wannan. Juma'a da rana fa?"

"Wurin wanzami. Senyor ma yana can, ya gan ni."

"Zo ka nuna mini inda kake zama."

Ba wurin zaman yake son gani ba. Ya bar Duwarte ya shige gaba. Mutumin ya ratsa ƙofar, ya yi taku uku a ciki, sannan ya tsaya cak, ya dawo da baya, ya ɗaga hannu ya taɓa mezuza a hankali, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce.

"Kullum sai na wuce nake tunawa," in ji shi, da kunya.

"Allah ya bar ka da mantuwarka," in ji Mas'ud. "Yau ta yi maka rana."

Wanda ya saci akwati ba ya dawowa da baya don ya gaida ƙofa. Hannun da ya bar tabon nan hannu ne da ya tafi da kansa, mai shi bai aike shi ba. Amma me zai sa hannun da ya saba haka ya kuskure da taƙi biyu?

Da Duwarte ya shige, Mas'ud ya zaro 'yar wuƙarsa ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da ƙotarta. Sama dutse. Ƙasa dutse. Daidai ƙarƙashin yatsun nan uku, sai ya ji amsa irin ta tulun da ba ruwa.

Ya zauna a kan dokin ƙofa ya daɗe. Ya so a ce bai ƙwanƙwasa ba.

*

Daga nan gidan tanderu ya nufa, inda kowane gida ke kai tukunyar abincin Asabar ranar Juma'a ta kwana a cikin garwashi. Mai tanderun mace ce da ba a taɓa yi mata tambaya ɗaya ta ba da amsa ɗaya ba.

"Tukunyar gidan Abendana, wa ya kawo ta Juma'a?"

"Ai ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi! Dona Luna, uwar Senyor, da kanta! Shekara goma kuyanga ke kawowa, tsohuwar ko gaisuwar mutuwa sai an ɗauke ta a kujera, sai ga ta da kwando a hannu tana haki. Na ce Dona, lafiya? Ta ce wai iska take sha. Iska a bakin tanderu! Ta ajiye tukunya, ta rufe kwandonta da tawul, ta tafi."

"Kwandon ba komai a ciki, ta rufe shi?"

"Manya ai ko babu sai sun rufe ta."

Wa ke kallon tsohuwa da rufaffen kwando ranar Juma'a da rana? Titi cike yake da su.

*

Da rana ta yi sanyi ya hau benen gidan Abendana, matakala ɗaya, hutu ɗaya. Dona Luna, mahaifiyar Rafael da Menashe, tana zaune bakin tagar da ke kallon tasha. 'Yar ƙaramar mace ce, ta haura saba'in. Ɗakin yana warin man zaitun da lemon tsami. Hannunta na dama yana cikin mayafi, leɓenta na ƙasa kuma ya yi ja, kamar wanda aka dirje.

"Ɗan Tarabulus," in ji ta. "An ce kana bin sawu a bango yanzu. Ƙasa ta ƙare?"

"Ƙasa ta yi mini nisa, Dona. Bango ya fi kusa da ido."

"Zauna kafin ka faɗi a ɗakina a ce ni na kashe ka."

Ya zauna. Ta sa aka kawo gahawa, ta ɗauki kofin da hagu.

"Siton nan," in ji Mas'ud, "an ce da can gida ne."

"Ɗaki biyu da rijiya. Nan muka sauka ni da marigayi da muka zo daga Venis, da katifa ɗaya. Nan na haifi huɗu. Da arziki ya zo Rafael ya mai da shi sito, ya ɗaga ƙofar don buhuna su shiga. Shekara ashirin da shida ban taka shi ba."

"Marigayin dogo ne?"

"Gajere kamar turmi." Bakinta ya ɗan motsa. "Shi ya kafa mezuzar da hannunsa. Ya ce a sa ta inda matarsa za ta kai ba sai ta yi ɗage ba."

A tasha ana ta loda jirgin Ingilishi, ana jin waƙar 'yan dako.

"Ka iya ƙirga, ɗan Tarabulus? Yosef ya tafi Gowa da murjani, zazzaɓi ya cinye shi, takalminsa aka aiko mini. Shimon yana Halab shekara goma sha takwas. Jikoki shida, na san su a takarda, takardar ma sai an karanta mini. Rahel an aurar da ita Amsterdam don gidan ya samu ƙafa a can. Marigayi yakan ce baƙo yana iya cin amanarka, amma jininka ba zai ci ba, saboda haka kowace tasha a ajiye ɗa. Na haifa, sun rarraba kamar buhun barkono. Menashe kuwa na same shi ne bayan na fid da rai. Shi ya rage."

"Bastiyano yana da biyar, Dona. Su ma shi ya rage musu."

Ta juya ta dube shi sosai. "Ban yi zaton za su kama shi ba. Na ɗauka za a yi ta nema har jirgi ya tashi, sannan a tsinci abin a wani lungu. Rafael ya cika gaggawa, tun a ciki haka yake." Ta ajiye kofi. "Jirgi gobe da hantsi zai tashi."

"Alƙali da tsakar rana zai zauna."

"Tsakanin hantsi da tsakar rana akwai tafiya, ga mai ciwon gwiwa."

Mas'ud ya shafa gwiwar. Ya tuna idon Bastiyano. Ya tuna kuma tasa uwar, da ya bari a Tarabulus shekara arba'in da suka wuce a kan zai dawo da kaka.

"Ba na wuce ƙararrawar sha ɗaya," in ji shi. "Ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba."

"Allah ya ba mu iska," in ji Dona Luna.

Ya sauko yana jin nauyin abin da ya yi. Kwana ɗaya ya ƙara wa mutum a kan ciyawa da sarƙa, ba da izininsa ba.

*

Talata ta waye teku kamar man da aka zuba a faranti. Ko gashin kaza ba ya motsi. Jirgin Ingilishi yana tsaye, zannuwansa sun rataye kamar wankin da aka manta. Hantsi ya yi, ya wuce. Mas'ud yana zaune a kan ganga a bakin tasha yana jiƙa yatsa yana ɗagawa. Babu. Matuƙa suka ce sai yamma.

Da ƙararrawar sha ɗaya ta kaɗa, ya miƙe.

Ya tara su a bakin sito: Senyor Rafael, Menashe da takalmansa, Duwarte, dattawa biyu, da wani jami'in gwamna da ya zo yana hamma. Assunta ba a kira ta ba, ta zo. Dona Luna ma ba a kira ta ba. Sai ga kujerarta an sauke a bakin titi.

"Inna, me ya fito da ke cikin rana?" in ji Rafael.

"Iska nake sha."

Mas'ud bai yi doguwar magana ba. Ya ce kwalta ɗanya ce lokacin da aka ɗaga akwatin, saboda haka Juma'a ce, ba Asabar ba. Ya sa jami'in ya gwada yatsunsa a kan tabon, ya ce ya tuna girman hannun da ke kurkuku.

"To Duwarte kenan," in ji ɗaya dattijon, da saurinsa.

"Duwarte sai ya wuce ƙofa yake tuna akwai Allah a jikinta. Senyor Rafael, shiga ka fito."

"Wasa muke yi?"

"Shiga dai."

Ya shiga ya fito, hannunsa ya tafi sama ya taɓa mezuza. Menashe ma haka. Dattawan ma haka.

"Kun gani. Kowa can sama yake kaiwa. Ɓarawon nan namu ne, don ko da kayan sata a hannu bai iya wuce ƙofa bai gaishe ta ba. Amma ba wannan mezuzar ya gaida ba."

Ya sa bakin wuƙa a gefen tabon ya ɓanɓare farar ƙasa kaɗan. Wani ɗan gurbi ya bayyana, tsawon yatsa, a karkace, da ramin ƙusa biyu.

Senyor Rafael ya zuba wa gurbin ido. A hankali jinin fuskarsa ya janye. A ƙofar nan aka ɗaga shi yana yaro ya sumbaci abin da ke cikin gurbin.

"Mutum biyu suka rage a garin nan da hannunsu ya san wurin nan," in ji Mas'ud. "Ɗaya yana shiga kullum, hannunsa ya koyi sabon wuri. Kuma Juma'a makullinsa yana rataye a gida, shi yana wurin wanzami."

"Baba Mas'ud," in ji Rafael, murya ƙasa-ƙasa, "ya isa. Mu shiga ciki mu yi magana."

"Rana ta kusa tsaka, Senyor. Akwai mutum a kurkuku."

"Ka bar shi, Rafael." Dona Luna ta sauko daga kujera ba tare da an riƙe ta ba. Ta tako har bakin ƙofar, ta fito da hannunta daga mayafi. Ƙarƙashin farcen baƙi ne har yanzu, duk da man zaitun da lemon tsami. Ta ɗora yatsu uku a kan tabon. Ko gashi ba zai ratsa tsakani ba.

"Yana cikin adakata, ƙarƙashin likkafanina. Nan ne kaɗai na san babu mai son buɗewa." Ta juya wurin jami'in. "Kai, ɗan nan, rufe bakinka ƙuda zai shiga. Je ka faɗa wa alƙalinku babu sata. Uwa ce ta ɗauki kayan gidanta. A sako mutumin mutane."

Jami'in ya dubi Rafael. Rafael ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

"Inna," in ji Menashe. "Don me?"

"Don takalmanka suna damuna da ƙara."

Ya durƙusa ya kama hannun nan mai kwalta ya kai goshinsa. Kowa ya jira ya ce ya fasa. Ita ba ta jira ba, ta san jinin da ta haifa.

"Shekara biyar kawai, Inna."

"Haka Shimon ya ce. Tashi, za ka ɓata wando."

Sai ta waiwaya wajen Assunta. Dona Luna da ba ta taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba sai a majami'a, ta ce, "Na zalunce ki, 'yar nan."

"Kwana biyu," in ji Assunta. "Haƙarƙarinsa biyu a karye." Ta gyara goyonta ta nufi ganuwa.

*

Iska ta zo da yamma, mai kyau, irin wadda matuƙa ke roƙo. Jirgin ya buga igwarsa ya fita da murjani da Menashe. Mas'ud bai je rakiya ba. Ya koma ɗakinsa ya ɗaure gwiwa da ganyen kabeji ya kwanta, kuma an ce bai karɓi aikin kowa ba har bayan Idin Ƙetarewa.

Senyor Rafael ya ba Bastiyano tsohuwar rigarsa ta ulu, wannan ce ban haƙurin. Bastiyano ya koma aiki, don 'ya'ya biyar ba sa cin fushi. Duk shekara shi ke shafe siton da farar ƙasa, kuma duk shekara sai ya kewaye yatsun nan uku. Rafael ya yi magana sau ɗaya. Bastiyano ya ce ya ga shaidar Yahudu, ya ga ta Kirista, kwalta ce kaɗai ta faɗi gaskiya a kansa, ba zai rufe mata baki ba.

Menashe ya aiko wasiƙa huɗu. Ta huɗun ta iso bayan wata biyu da rasuwar Dona Luna, yana cewa a gaida Inna, saura shekara biyu.

Mu da muka yi mata wanka, da muka buɗe adaka muka warware likkafanin, sai ga baƙin tabo a tsakiyarsa, faɗin jaririn wata uku. Matar Rafael ta ce abin kunya ne, a yanko sabo. Kuyangar ta ce Dona ta hana tun tana da rai, ta ce da wannan za ta tafi. Muka naɗe ta. Tabon ya faɗo daidai kan ƙirjinta, inda ake rungumar yaro.